Baƙin kare ya fara ja: inuwa za ka nema masa, abinci za ka gyara, ko kwalbar ƙarin sinadari za ka saya?

Duna sunan karen gadin gidanmu a unguwar Arkilla da ke Sakkwato, kuma suna ya bi jiki, don lokacin da aka kawo shi yana ɗan kwikwiyo baƙi ne wuluk, in dare ya yi idanunsa kawai kake hangowa. Da bazarar da ta wuce ta yi tsakiya sai na ga gadon bayansa ya fara sauya launi, daga kafaɗa har gindin wutsiya ya yi ja-ja kamar tsatsar tsohon kwanon rufi. Hankalina ya tashi. Na je wani shagon magungunan dabbobi, mai shagon ko tambayata abin da karen ke ci bai yi ba, ya miƙo mini kwalbar bitamin ya ce nan da sati biyu zai koma yadda yake. Kwalba ta ƙare, na sake sayen wata, ja na nan daram.

Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon mafarauci, shi ya fara ɗora ni a hanya. Ya tsuguna ya sa yatsu biyu ya buɗa gashin bayan karen, ya ce, "Ɗana, duba nan. Gindin gashin baƙi na, saman ɗai yay yi ja. Wanga kare rana ta cinye mai baƙi nai." Na duba, haka ne kuwa. Kusan rabin kowane silin gashi daga fata baƙi ne sidik, tsininsa kaɗai ya kone.

Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni wace kwalba zai saya cewa ya fara duba inda jan yake. Amsar tana jikin karen.

Yadda baƙin ke samuwa, da yadda yake gudu

Launin gashi daga wani sinadari yake da ake kira melanin, kuma iri biyu ne: mai ba da baƙi, da mai ba da ja ko ruwan ɗorawa. Jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙetare, na biyun ne ya rinjaya a jikinta, haka Allah ya halicce ta. Shi kuwa baƙin kare, jikinsa na haɗa baƙin melanin ne a tushen gashi, can cikin fata, kuma aikin na buƙatar abu biyu. Na farko tairosin, wani ɓangare na furotin da ke cikin nama, kifi, ƙwai da waken suya, wanda hanta ma kan samar da shi daga ɗan'uwansa fenilalanin. Na biyu ɗan ƙanƙanin sinadarin tagulla, wanda in babu shi aikin haɗa launin ba ya tashi. Idan ɗayansu ya yi ƙaranci sai sabon gashi ya fito da baƙi marar ƙarfi. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin wannan a baƙaƙen shanu, waɗanda kan koma launin tsatsa in tagulla ta yi musu ƙaranci.

Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe kafin ka kashe ko kwabo: gashin da ya riga ya fito ba shi da rai. Babu abin da kare zai haɗiya ya mayar da jan sili baƙi. Sai tsohon ya zube sabo ya maye gurbinsa, wannan kuwa aikin watanni ne. Duk wanda ya yi maka alkawarin sati biyu, ciniki yake nema.

To, ina jan yake? Idan lokacin hunturu ne, fara da farin ƙyalle mai laima ka goga a bayan karen. Sau da yawa za ka ga jar ƙura ce kawai ta biyo ƙyallen. In ba ƙura ba ce, buɗa gashin kamar yadda dattijon maƙwabcin nan nawa ya yi. Tsini ja, tushe baƙi, kuma a gadon baya da saman kai inda rana ke duka: wannan rana ce, ko tsohon gashi da ya kusa zubewa. Ja tun daga tushe, a duk jiki har da ciki inda rana ba ta kaiwa, gashi ya bushe ba sheƙi: nan ne ake zargin abinci. Idan kuwa jan a tafin ƙafa yake, ko hammata, ko gefen baki da ƙasan ido, to yawu ne da hawaye, don suna ɗauke da wani sinadari mai ƙarfe da ke barin tabon tsatsa, kuma abin da ke sa kare yawan lasa shi ne ƙaiƙayin kaska, ƙuma ko ciwon fata. Akwai kuma karen da dama can ba baƙi ba ne tsantsa, gado ne, in ka ga uwarsa ko ubansa a rana za ka gane. Wannan ba shi da magani, ba ya kuma buƙatarsa.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Kowace hanya na auna ta da tambaya biyar. Shin tana taɓa ainihin dalilin jan? Nawa take ci a wata, ba a ranar farko kaɗai ba? Za ta ɗore, kuma kayan da kansu za su jure zafin garin nan da kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu? Za ka iya yinta kullum, ko yaron da ke ba karen abinci zai iya in ba ka nan? Sannan, in aka yi kuskure, me zai faru da karen? Tambayar ƙarshen nan ta fi sauran nauyi a wurina, domin launi ado ne kawai, hanta kuwa rai ce.

Inuwa da gyaran wanka

Wannan ce mafi araha, ita ce kuma ta warware matsalar Duna. Na gano cewa daga hantsi har la'asar yana ɗaure a gefen katanga inda inuwa ke gudu tun kafin azahar. Na mayar da shi ƙarƙashin dogon yaro, na kafa masa rumfar zana, na ajiye masa ruwa a kaskon ƙasa da ke riƙe sanyi. Kejin da aka rufa da kwano zalla a watan Afrilu tanda ne, kuma baƙin gashi ya fi kowane gashi zuƙar zafi, don haka ko ba don launi ba inuwar na iya ceton ransa. Kada ka aske shi da sunan rage masa zafi, gashin ne ke kare fatarsa daga rana.

Wanka kuma, sabulun wanki na gari da ruwan kashe ƙwayoyin cuta na banɗaki suna kwashe maiƙon gashi su bar shi a bushe, busasshen gashi kuwa ya fi saurin kodewa. Sabulun wankan kare sau ɗaya ko biyu a wata ya isa, sai taje gashin duk bayan kwana biyu don tsohon ya fita da wuri. Zana na son sauyi bayan damina ɗaya ko biyu, iyakar kuɗin ke nan. Haɗari babu. Iyakarta dai ba ta yin komai in jan daga tushe yake.

Gyaran abincin gida

Nan zan daɗe, don nan yawancinmu muke da laifi. Karen gidan Bahaushe abincinsa ragowar tuwo ne, ƙanzo, ɗumame, wani lokaci dusa da aka dama. Ciki na cika, amma masara da dawa furotin ɗinsu bai wuce kusan kashi 10 cikin ɗari ba, alhali ma'aunin da masu haɗa abincin kare a Amurka ke bi ya sa mafi ƙarancin kashi 18 ga babban kare, kashi 22.5 ga kwikwiyo. Ka ga ke nan karen tuwo zalla bai ma kai ƙasan ma'auni ba. Ga shi kuma littafin buƙatun abincin karnuka da kyanwoyi da majalisar bincike ta Amurka ta fitar a 2006 ya nuna cewa samun cikakken baƙin gashi na buƙatar tairosin da fenilalanin ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da girma kaɗai ke buƙata. Wato kare na iya girma lafiya ƙalau, yana haushi yana gadi, amma baƙinsa ya gaza.

Gyaran ba wuya. Dafaffen ƙwai ɗaya a rana ga matsakaicin kare. Dafaffe na ce, don ɗanyen farin ƙwai na ɗaure bayotin, wani bitamin da fata da gashi ke buƙata. Guntattakin nama, tumbi, huhu da zuciya da mahauta ke sayarwa da sauƙi a kwata. Kifi, ko tarwaɗa ko ƙarfasa, a dafa a zare ƙaya. Awara marar yaji ma na taimakawa ranar da aljihu ya yi sanyi. Sai hanta, wadda ita ce maganin ƙarancin tagulla da ke gabanmu kullum: giram 100 na hantar saniya na ɗauke da kusan miligiram 10 na tagulla, abin da ya ninka buƙatar babban kare ta yini sau da dama. Saboda haka yanka ɗaya kamar girman akwatin ashana, sau biyu a sati, ya wadatar. Kada ka ga yana so ka yi ta loda masa, hanta na da bitamin A mai yawa da ke taruwa a jiki ya lalata ƙashi da gaɓoɓi. Hantar kaza tagullarta kaɗan ce ƙwarai, ba ta maye gurbin ta saniya ko ta rago a wannan aikin.

Haɗarin wannan hanya yana cikin tukunyar miyarmu. Mu mutanen albasa ne, ba miyar da ba ta shiga, kuma albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ragowar miya da romon da ya sha albasa ba na kare ba ne. A cire masa namansa kafin a sa kayan miya. Dafaffen ƙashin kaza ma a kiyaye, yana tsagewa ya huda hanji. Ta fuskar kuɗi hanyar matsakaiciya ce, ta fuskar wahala kuwa tana son wanda zai tsaya a kanta kullum. Amfaninta bai tsaya ga gashi ba: tsoka, jini da ƙarfin jiki duk suna samu.

Abincin kare na buhu

Idan cikakke ne daga kamfanin kirki, an riga an auna furotin, tagulla da zinki a ciki, kai dai ka ɗiba ka zuba. Ma'aunin masu haɗa abincin kare a Amurka da na ambata ya sa mafi ƙarancin tagulla miligiram 7.3 a kowane kilo na busasshen abincin babban kare, ka ga yadda abin yake ɗan mitsitsi. Sauƙi kam babu kamarsa, musamman ga ma'aikaci mai yawan tafiya. Amma shi ya fi tsada a wata, kuma babban kare irin Rottweiler ko Alsatian ba ya wasa da buhu. Sannan zafin Sakkwato ba ya raga masa: buhun da ya daɗe a shago ko aka bar shi a buɗe, man cikinsa kan yi ɗoyi, bitamin ɗinsa ya ragu. Sayi ƙaramin buhu da zai ƙare cikin wata guda, duba ranar lalacewa, sunsuna kafin ka biya, ka ajiye a mazubi mai murfi. Wanda ake aunawa a kwano ba tare da buhunsa ba, ba ka san abin da ke ciki ba, araha kuwa ba ta ado. In za ka sauya masa abinci, ka riƙa gauraya sabo da tsoho na kamar sati guda don gudun zawo.

Kwalaben ƙarin sinadari

Ba duka suke ɗaya ba, kuskure ne a yi musu kuɗin goro.

Tairosin shi ne wanda ke da hujja a bayansa. A 2001 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis sun nuna baƙaƙen kyanwoyi na komawa ja-ja in aka rage musu shi a abinci, kuma baƙin na dawowa in aka ƙara. Daga baya an gwada a baƙaƙen karnukan Labrador na kimanin wata shida, waɗanda aka ƙara wa tairosin suka fi duhun gashi. Ka lura da tsawon lokacin. Ka kuma san cewa kamfanonin abincin dabbobi na da hannu a binciken karnukan. Matsalarsa a wurinmu ba kasafai ake samunsa a shagunan gari ba, sai an yi oda, da tsada. Kuma abin da ke cikin kwalbar shi ne dai ke cikin ƙwai da nama. Karen da ke shan maganin wata cuta, musamman ta tayirod (ƙullutun nan na wuya da in ya kumbura ake kira maƙoƙo), kada a ba shi sai likita ya amince.

Bitamin na kare mai haɗe-haɗe, irin wanda na saya, yana cike ƙananan giɓi ga karen da ke cin abincin gida, amma ba ya maye gurbin furotin. Ka ɗora shi a kan tuwo zalla, ka yi ta jira. Wanda ke cin cikakken abincin buhu kuwa ba ya buƙatarsa. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Bitamin ɗin mutane kada ya kusanci kare: yawan ƙarfe da bitamin D da ke cikin wasu guba ne gare shi, wasu na taunawa kuma suna da zailitol, abin zaƙi da ke iya kashe kare.

Man kifi ba ya haɗa launi ko kaɗan. Aikinsa laushin fata, sheƙin gashi da rage ƙaiƙayi, gashi mai sheƙi kuwa kan fi kama da baƙi a ido. Yana da amfani a hunturu lokacin da fata ke bushewa. Sai dai yana son firji, wutarmu kuwa kun san halinta, in ya yi ɗoyi cutarwa yake. In ya yi yawa zawo. Man hantar kifi daban yake, cike yake da bitamin A da D, kada a haɗa shi da hantar saniya.

Tagulla zalla, wadda za ka ga alamarta Cu a jikin kwalba, ita nake roƙonka ka bari. Abin da ya wuce buƙata taruwa yake a hanta a hankali, ba alama, sai ranar da ido da dasashi suka yi rawaya. Labrador, Doberman, Dalmatian da Bedlington an san su da gadon tara tagulla a hanta, kuma biyun farko suna cikin baƙaƙen karnukan da ake kawowa ƙasar nan. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Haka nan garin sinadaran kaji da gishirin lasar shanu, an auna su ne don wasu dabbobi. Yawan zinki ma na hana jiki zuƙar tagulla, sai ka ga mai haɗa kwalba uku ya jawo jan da yake gudu. Garin ciyawar teku da ake tallatawa a intanet don baƙin gashi, aidin ne ya yi yawa a cikinsa, yawansa kuwa na rikita tayirod.

Rinin gashi na mutane da baƙin man mota, da wasu ke shafawa don launi ko don kaska, ba sa cikin zaɓi. Kare lasar jikinsa yake yi.

Ganin likitan dabbobi

Kuɗi ne na lokaci ɗaya, kuma sau da yawa bai kai na kwalabe biyun da na yi asara ba. Muna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a garin nan, ga kuma asibitin dabbobi na jiha. Ana kankaro fata a duba ƙwayar ƙazwa, a duba kashi don tsutsar ciki da ke cinye abin da karen ya ci, a duba jini don cututtukan da kaska ke sawa. In ka je, ka haɗa da allurar haukan kare.

| Hanya | Kuɗi | Dorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Inuwa da wanka | Kaɗan | Shekara ɗaya zuwa biyu | Mai sauƙi | Babu |
| Abincin gida | Matsakaici, kullum | Muddin ka tsaya a kai | Yana son kula | Albasa, ƙashi, yawan hanta |
| Abincin buhu | Mai yawa | Zafi na lalata shi | Ya fi kowa | Tsohon kaya, jabu |
| Tairosin | Mai yawa | Sai an ci gaba da bayarwa | Wuyar samu | Kaɗan, in likita ya auna |
| Bitamin na kare | Matsakaici | Wata-wata | Mai sauƙi | Jabu, ninka sinadari |
| Man kifi | Matsakaici | Yana son sanyi | Mai sauƙi | Ɗoyi, zawo |
| Tagulla zalla | Kaɗan | Tana taruwa a jiki | Wuyar aunawa | Lalacewar hanta |
| Likita | Na lokaci ɗaya | Ya danganta da cutar | Sai ka kai shi | Babu |

Wa ya dace da me

Mai karen gadi da ke wuni a ɗaure a tsakar gida, tsini ja tushe baƙi: rumfa, ruwa, mataji. Kada ka sayi komai, ka jira zubar gashi.

Mai karen gida ko na farauta da ke rayuwa a kan tuwo, ja tun daga tushe: ƙwai, guntun nama, kifi, ɗan yankan hanta sau biyu a sati, da maganin tsutsa. Ga kwikwiyo mai tasowa wannan ya fi gaggawa, don ba launi kaɗai yake rasawa ba.

Wanda ba ya zama a gida kuma aljihunsa zai ɗauka: abincin buhu cikakke, ƙaramin buhu, ba tare da ƙara wata kwalba a kai ba.

Mai kiwon karnukan waje don sayarwa, wanda abincinsu ya riga ya inganta, suna cikin inuwa, amma yana son baƙin ya ƙara duhu: shi kaɗai ne tairosin ke da ma'ana gare shi, da awon likita, da haƙurin wata huɗu zuwa shida.

Karen da jansa ke ƙafa, hammata ko gefen baki, yana susa yana lasa: nemi kaska tsakanin yatsu da cikin kunne, a yi maganin ƙaiƙayin. Man kifi na iya biyo baya.

Wanda kuwa gashinsa ke zuba faci-faci, ko ya yi ƙiba da kasala ba dalili, ko ya rame, ko dasashinsa ya yi fari ko rawaya, ko yana amai: yau ɗin nan a kai shi asibiti, maganar launi ta jira.

Duk wadda ka ɗauka, ɗauki hoton bayan karen da wayarka a wuri ɗaya, da safe, sau ɗaya a wata, ka kuma riƙa buɗa gashin kana duba tushe, don nan sabon launi ke fara bayyana. Duna sai da damina ta yi nisa tsohon gashinsa ya gama zuba. Har yanzu in Afrilu ya zo saman kunnuwansa kan ɗan yi ja, don ba ya yarda ya zauna a rumfa in ya ji motsi a ƙofar gida.